Janareton da Ya Ɓace a Hannun Lauya

Da hantsi Mai Burodi ta faɗo ofishin 'yan sanda, hannunta duk fulawa.

"Ranka ya daɗe, an kashe ni! Jarina kaf na zuba."

Sufeto ya sa ta zauna. Janareto ta saya wurin wani makanike. Ba ta yarda da shi ba, shi ma haka, sai suka sa Lauya a tsakani: kuɗi a hannunsa, janareto a sitonsa, ba mai taɓa komai sai ta gwada ta ce ta gamsu. Yau aka buɗe sito, wayam.

Suka je siton, Lauya na tsaye a bakin ƙofa. Sufeto ya duba kwaɗon. Ko ƙwarzane babu.

Ya tsuguna. Inda injin ya kwana, baƙin mai ya yi tabo, amma daga nan zuwa ƙofa ko ɗigo.

"Yana yoyo ne?"

"An ce mini lafiyarsa ƙalau," in ji ta.

"To, wanda ya ɗauke shi ya san inda ake toshewa."

Aka kira Makanike. Ya shigo yana huci.

"Ni na kawo kaya, nawa ya ƙare. Yaya, sallame ni!"

Sufeto ya juya. "Yaya?"

"Ƙanina ne, ciki ɗaya," in ji Lauya. "Ta sani tun farko."

"To ba shi mana, ba jininka ba ne?" Sufeto ya gwada shi.

"Kuɗin nan ba nawa ba ne, ba nasa ba, ba kuma nata ba tukuna. Na sharaɗi ne. Sharaɗi bai cika ba."

"Makulli nawa ne?"

"Ɗaya!" Makanike ya yi caraf. "Yana aljihunsa."

Lauya ya juya ga Sufeto.

"Biyu ne. Ɗayan yana rataye a ɗakin mahaifiyarmu. Mu biyu kaɗai ke shiga."

Makanike ya sulale ƙasa.

"Yana garejina, ƙarƙashin tamfol. Na ɗauka za ka biya ni, in sake sayar da shi. Yaya, goya ni fa ka yi!"

"Na goya ka. Amanar ba tawa ba ce da zan ba ka."

Aka sa masa ankwa. Lauya ya miƙa wa Mai Burodi kuɗinta, ko sisi bai yi ciwon kai ba.

Sufeto ya yi furfura a aikin nan, manya kaɗai yake sara wa. Da ya zo fita, ya tsaya, ya haɗa ƙafa, ya sara wa Lauya.