Minti Biyu a Kan Kaza da 'Ya'yanta

Ƙarfe tara na safiyar Litinin aka ajiye wa Sufeto fayil ɗin. An sace na'ura a laburare daren Juma'a, an kama mai gadi tun Asabar, gobe sai kotu. Tsoho ne, shekara ashirin yana gadin ƙofa ɗaya, kuma idan alƙali ya ɗaure shi, aiki da mutunci sun tafi tare.

Ita kuwa Sufeto mace ce da ba ta san amfanin kujera ba. A tsaye ta karanta fayil ɗin, ta ja tsaki, ta suri makullin mota.

A saman laburaren akwai ɗan ɗaki na ƙungiyar masu koyon ɗaukar hoton taurari. Malamar da ke koyar da su ta buɗe mata kabad. Ga kyamara, ga manyan gilasai, ba a taɓa ko ɗaya ba.

"To me aka ɗauka?"

"Na'urar bin taurari, ranki ya daɗe. Da ɗan ƙarfen daidaita nauyinta, wanda ke cikin wancan akwatin daban."

Sufeto ta dubi akwatin. Ɓarawon da ya tsallake kyamara ya je ya binciko guntun ƙarfe, ai ya san abin da ya zo nema.

"Meye aikinta?"

"Duniya juyawa take. Idan kika bar kyamara a buɗe ya wuce 'yan daƙiƙu, taurari sai su ja layi kamar an watsa shinkafa. Na'urar ita ke juya kyamarar a hankali tana bin su. Wanda ba shi da ita, dole ya ɗauki gajerun hotuna ɗari biyu ko uku, ya haɗe su a kwamfuta."

"Bayan mai gadi, wa ke taɓa makulli?"

"Mai walda, shi ke mana gyara. Sai Dokta, likitan haƙori, shi ne sakatare."

Kafin malamar ta rufe baki, Sufeto ta kai ƙasan bene.

A shagonsa, mai walda ya ɗage gilashin fuskarsa ya rantse bai hau saman laburaren ba tun watan jiya.

"Ƙafar kyamarar da na gani da sabon ɗinkin walda fa? Ko fenti bai gama bushewa ba."

Sai ya hau sosa ƙeya. "Hajiya, ni na karya ta ranar Alhamis, na lallaɓa na gyara don kar Malama ta ci ni da faɗa. Amma me zan yi da na'ura? Hotuna ɗari uku nake ɗauka da hannuna, kuma nawa ne ke zuwa na ɗaya. Dokta ne dai jiya ya ba mu mamaki."

Ya miƙa mata waya. Hoton tarin taurarin nan ne da ake kira Kaza da 'Ya'yanta, kowane tauraro a dunƙule tas, da wani shuɗin hayaƙi kewaye da su. Har Sufeto sai da ta ce kai!

"Wata takwas nasa na fitowa a karkace," in ji mai walda, "rana ɗaya ya zama gwani."

A asibitin haƙori an ce ta jira. Ta zaga ɗakin jiran sau shida, ta leƙa agogo, sannan ta tura ƙofa kawai.

Da ta tambayi sirrin hoton, Dokta ya cire safar hannu yana murmushi. "Haƙuri ne, Sufeto. Hotuna ɗari uku, kowane daƙiƙa biyu."

"Madalla. Nuna mini su."

"Na goge."

"Duka? To ba ni kyamarar."

Tana cikin jaka a ƙarƙashin tebur. Sufeto ta yi ta latsawa baya. Hotunan daren Asabar guda ashirin ne cif, kuma a ƙasan kowane kyamarar ta rubuta tsawon lokacin da ta yi a buɗe.

"Minti biyu, Dokta. Minti biyu, kuma ba tauraron da ya ja layi. Ko duniya ce ta tsaya maka?"

Murmushin ya bushe. Ya zauna a kujerar marasa lafiya.

"Tana cikin but ɗin motata. Wallahi aro na yi. Wata takwas mai walda na yi mini dariya, har matata ta fara tambaya ko gilashin ido nake buƙata. Malama kuma ta ce sai mutum ya iya da hannu kafin ya taɓa na'ura."

"Ka san an kulle tsohon nan?"

"Na sani. Na yi niyyar mayarwa ranar Asabar. Sai sama ta washe, ko ɗigon gajimare babu. Na ce dare ɗaya kawai."

Ran Sufeto ya ɓaci ƙwarai. Ta kira Saja, aka fito da Dokta ta gaban masu jiran cire haƙori, da farar rigarsa a jiki.

Da kanta ta buɗe wa mai gadi sel.

"Baba, fito. Mun kama shi. Dokta ne."

"Na sani, 'yata. Ni na riƙe masa ƙofa ya fita da jakar."

"Ka sani? Me ya hana ka faɗa?"

Tsohon ya sunkuya yana neman takalminsa.

"Kwana biyu ana tambayata ina na ɓoye. Ba wanda ya tambaye ni wa na gani."

Kunya ta rufe Sufeto, don ita ma da safe ta gaban sel ɗin nan ta wuce da sauri, ko leƙawa ba ta yi ba. Ta durƙusa ta jawo masa takalmin daga ƙarƙashin benci.