Rijiyar Baban Salha

Ranar da Djibrilla ya fara shiga ajin, Larabcinsa ne ya fara ba shi kunya. Ya yi sallama lafiya lau, ya rubuta FORTRAN, sunan harshen kwamfuta, a allo, daga nan harshe ya maƙale. Ma'aikatan cibiyar binciken ruwan ƙarƙashin ƙasa da ke Sabha suka zuba masa ido, wasunsu sun haife shi, gumi kuwa har cikin kwalar rigarsa.

Daga can baya wata murya ta ce da Hausa, "Malam, ka faɗa, ni in juya musu."

Ya ɗaga kai. Budurwa ce doguwa cikin farin mayafi, tana danne dariya da bayan hannu. Bawan Allah sai ya nemi abin da zai faɗa ya rasa, a Larabcin da Hausar duka.

Lokacin kuɗin mai ne, komai sabo ake saye. An girke kwamfuta a Tarabulus, amma mutanen cibiyar har yanzu da fensir suke lissafin rijiyoyi. Shi ya sa aka ɗauko Djibrilla, ɗan Maraɗi, a kan ɗan gajeren kwantiragi, ya koya musu yadda ake ba na'ura umarni. Kwas na ƙarewa, takardar zamansa ta ƙare.

Ba ya koyarwa daga littafi. Kowa aikin gabansa zai kawo, a kansa za a gina darasinsa. Mai auna gishirin ruwa da nasa, mai taswira da nasa. Sai a huda umarnin a jikin kati, a ɗaure da roba, a aika Tarabulus a jirgi, a zauna jiran amsa a doguwar takarda.

"Ina kika samo Hausa haka?" ya tambaye ta bayan an tashi.

"Wajen kakata, Uwa. Kakanninta da ayari suka zo. Sunana Salha."

"Hausarki ta tsohhi ce, wallahi."

"Larabcinka kuma na jarirai, Ustaz."

Shi ke nan, Djibrilla ya kamu. Ya koma masaukinsa a unguwar Gurda ya kasa zama, ya fita, ya dawo, ya dafa shayi ya manta da shi a wuta.

Wata rana takardar Salha ta dawo daga Tarabulus, a ƙasan lissafin na'ura ta buga layi ɗaya da Salha ta saka a katinta, da manyan baƙaƙe: USTAZ KA RAME KA RIKA CIN ABINCI.

Ya karanta ya fi a ƙirga. A katinsa na gaba ya mayar: DABINONA KE KIKA HANA NI.

"Wa ya ce ni dabino ce?" ta ce, tana harararsa, bakinta na murmushi.

"Mi ya hi shi daɗi a ƙasar ga?"

Akwai mai kallonsu. Mabruk ɗan baffan Salha ne, shi ke kai akwatin katin filin jirgi, yana kuma zama a ajin. Tun suna yara ya sa ran ita ce matarsa, ko da yake ba wanda ya taɓa tambayar ta.

Da aka zo babban darasi, Salha ta kawo awon rijiyar gonar mahaifinta, Alhaji Abdelnabi, wanda ita da kanta ta yi shekaru tana ɗauka da igiya. Amsa ta dawo babu kuskure ko ɗaya, karo na farko a ajin. Daɗi ya kwashe Djibrilla. Ya manna takardar a allo, ya ɗaga murya.

"Ku duba aikin Salha! Rijiyar Alhaji Abdelnabi ce wagga. Kun ga ruwan yana sauka kowace shekara? In an ci gaba haka, ƙahewa za ta yi. Salha, juya musu."

Salha ba ta juya ba. Ta sunkuyar da kai.

Abin da malamin bai sani ba, a nan yankin Fezzan ko tambayar mutum zurfin rijiyarsa ba a yi a gaban jama'a, balle a yi mata baki. Rijiya ita ce mutuncin gida. Mabruk, da Hausarsa ta kasuwa, ya miƙe ya fassara wa ajin tsaf, har da ƙari. Kafin la'asar maganar ta riga Salha isa unguwarsu Hajara.

Washegari kujerarta babu kowa. Haka jibi, haka gata.

Djibrilla ya roƙi Mainassara, wani dattijon magini ɗan garinsu da ke zaune a unguwar Tayuri, ya je ya ba da haƙuri, ya kuma nema masa izinin neman aure. Dattijo ya dawo ko shayi ba a ba shi ba.

"Ya ce baƙon da zai tahi gobe ya tona mai asiri yau, kuma ɗiyatai yake so? Ɗana, ka yi wauta."

Barci ya ƙaurace masa, abinci ya ƙi shiga. Ga kwas na gab da ƙarewa, ga Mabruk yana shigowa aji da sabuwar riga yana ce wa mutane a shirya cin shinkafar biki. Djibrilla ya gaskata. Ita kuma can gida tana kuka, a ganinta ya yi amfani da ita ne don a yabi koyarwarsa. Kowannensu yana jin haushin ɗaya, kowannensu yana mutuwar son ɗaya.

Ranar Juma'a da hantsi ya kasa daurewa, ya tafi gonar da ƙafarsa. Ya sami Alhaji shi kaɗai a bakin injin ban ruwa, a inuwar dabino. Ya durƙusa.

"Baba, na yi laihi. Ban san al'ada ba, amma rashin sani bai wanke ni ba. Ku gahurce ni."

Alhaji ya daɗe yana kallon ruwan da ke fita daga bututu. Da ya yi magana, da Hausar da ya tsotsa wajen uwarsa ya yi, wadda bai cika yi a waje ba.

"Kana zaton ban sani ba? Kowace shekara ina ƙara bututu, ina ɓoye wa 'ya'yana. Ubana ya haƙa rijiyar nan." Ya juyo ya dube shi. "Na'urar taka da ta iya faɗin ciwo, ta san magani?"

"Ban sani ba, Baba. Sai an tambaye ta. Kuma ba ni zan tambaya ba, Salha ce ta san rijiyar, ita ta iya rubuta tambayar. Ko ba ku ba ni ita ba, ku bar ta ta ƙare karatunta."

Alhaji ya koma kan injinsa. Amma ran Asabar sai ga Salha a aji, bayanta kakarta Uwa da sanda da tabarma. Tsohuwa ta shimfiɗa a gaban allo ta zauna gadi, ta kafe malam da ido har allinsa ya faɗi.

Suna huda kati, Salha ta ce ƙasa-ƙasa, "Ka kunyata ni, Ustaz."

"Alfahari nike da ke, shi ya rufe min ido. An ce an sa ranarki da Mabruk."

"Mabruk ya sa rana shi da bakinsa."

"To ni fa, Dabinona?"

"Kai ka gyara katin nan, ka juya shi a baibai."

"Ina jin ku," in ji Uwa daga tabarma. "Kunnena bai tsufa ba."

Jiran amsar na'ura kan maganin rijiyar ya fi kowanne tsawo. Djibrilla ya riga ya ɗaure akwatinsa, duk ƙarar jirgi sai gabansa ya faɗi. Mudir, shugaban cibiyar, ya ce zai sabunta kwantiragin don sauran ma'aikata, amma sai wani ɗan gari mai mutunci ya tsaya masa, kuma wa zai tsaya wa mutumin da ya yi wa rijiya baki?

Da takardar ta iso, Salha ce ta karanta wa mahaifinta a zaurensu, Djibrilla da Mainassara suna gefe. In aka huta da injin da tsakar rana, aka koma ban ruwa da sanyin safiya da yamma, aka rage alkama aka bar dabino, saukar ruwan za ta ragu ƙwarai. Ba ta yi masa ƙarya ba, ta ce na'ura ba ta yi alkawarin har abada ba, sai an ci gaba da awo ana gyara lissafi duk shekara.

"Duk shekara," Alhaji ya maimaita. Ya juya ga Djibrilla. "Kai kuma jirginka yaushe?"

"Kwanan nan, Baba."

"Babu inda za ka. Ka faɗi magana a kan rijiyata a gaban mutane, sa'an nan ka hau jirgi ka bar ni da ita? Gobe zan je wajen mudir in tsaya maka. Ka zauna nan, ruwanta za ka sha, kai da 'ya'yanka. In ta ƙafe, mu ji ƙishin tare." Ya dubi Mainassara. "Malam, ka kawo mutanenka. Na ba shi."

Salha ta ja mayafi ta rufe fuska ta ruga cikin gida. Djibrilla ya buɗe baki zai yi godiya, sai hawaye suka riga shi.

An ɗaura aure bayan an sauke dabino. Mutanen Tayuri suka zo da gogensu, na Hajara da gangunansu, Mabruk ma ya zo, fuska a murtuke, amma shi ya yi ta jigilar baƙi a motarsa. Da aka kawo amarya, Uwa ta kama hannayensu biyu ta haɗa cikin nata.

"Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku zuri'a mai albarka," ta ce. "Allah ya sa ku tsufa tare, ruwa bai yanke muku ba."

Alhaji Abdelnabi ne ya fi kowa ɗaga murya wajen cewa amin.