Maraba da Baba Zira

Ranar Asabar bayan la'asar aka kira ofishin 'yan sanda cewa an tsinci gawa a wani filin ƙwallo da ke bayan unguwar Yelwa a Mubi. Sufeto Abdulrashid ya ture kofin shayinsa, ya ce wa Kofur Adi ya tada mota.

Ya ɗauka zai tarar da cinkoso, domin wasan lig ne na ƙananan ƙungiyoyi, Taurarin Yelwa da wasu baƙi daga Duvu. Lokacin yana kurtu an sha turo shi filin nan da kulki don raba faɗan 'yan kallo. Yau abin da ya tarar shi ne 'yan wasa, da alƙalin wasa, da wata mai gyaɗa da ba ta sayar da ko gwangwani ɗaya ba, sai awaki a kan benci.

Gawar tana kwance rub da ciki a gindin wani dandamali na katako. Alex ne, saurayin da yake haska wasannin ƙungiyar kai tsaye a Fesbuk. An fasa masa ƙeya. Wayarsa tana can saman dandamalin a kan mazauninta mai ƙafa uku, ta fuskanci fili.

Adi ya hau tsani ya leƙa.

"Yallaɓai, har yanzu fa layif yake. Mutane sun fi dubu a ciki."

"Me suke cewa?"

"Wai a dawo a ci gaba da wasa, data na ƙarewa."

Sufeto ya dubi bencin da babu kowa. Mutum fiye da dubu suna kallon filin nan sa'ad da aka kashe yaron, amma babu ido ko ɗaya da ya gani.

Shugaban ƙungiyar, Mahmoud, ya ƙaraso yana share gumi da hularsa.

"A hutun rabin lokaci abin ya faru, Yallaɓai. Kullum yakan bar waya a sama ya sauko ya sha ruwa. Mu duka muna can ƙarshen fili a inuwa da 'yan wasa."

"Ina 'yan kallonku?"

"Suna gida. Da har kan katanga ake hawa. Ni na kawo Alex, don 'yan garin nan da ke Yola da Kano da Kamaru su riƙa gani. Ashe na ƙofar fili ma zai kwanta a kan tabarma ya gani."

"An ce ana jin ihun jama'a a wayar."

Mahmoud ya sosa kai.

"Tsohon ihu ne. Na sa Gabdo ya riƙa kunna shi a lasifika yana magana a kai, don kar mu ji kunya."

Gabdo shi ne mai sharhin filin, dattijo siriri da ya ɗora rigar ƙwallo a kan kaftani. Rumfarsa ta kwano tana kusa da dandamalin, bakinta na kallon fili. Ya fito riƙe da makirufo a hannu.

"Malam Gabdo, kai ne mafi kusa. Me ka ji?"

"Ranka ya daɗe, mai magana ba ya ji. Tun da aka hura usur na hutu nake gaishe da baƙi har aka dawo. Al'adata ce, kowa ya shigo filin nan sai na kira sunansa. Tambayi duk mai waya."

Gaskiyarsa. Da Adi ya mayar da hoton baya, muryar Gabdo ce daga farkon hutu har ƙarshensa, tana yi wa wane maraba, tana tsokanar wane.

"Wa yake da rigima da mamacin?" Sufeto ya tambaya.

Mahmoud da Gabdo suka haɗa baki: Friday mai tsaron ƙofa. A gaban kowa ya taɓa rantsuwa sai ya fasa wayar Alex a kansa, wai ita ta hana mutane zuwa fili.

Kafin magariba Friday yana bayan kanta. Sufeto ya ɗauki biro ya fara yi masa tambayoyi.

"Ina kake lokacin hutu?"

"Ina bakin get, Oga."

"Mai gyaɗa ta ce tun ana minti goma ba ta sake ganinka ba."

Da Friday ya ga Sufeto ya ajiye biro, sai ya fashe.

"Oga, ba wanda yana zuwa! Zan tsaya ina gadin akuya ne? Na je wajen mai shayi, muna kallon wasan a wayanshi."

"Kai mai tsaron ƙofa, a waya kake kallo?"

"A waya yana nuna kusa, Oga."

Ko Adi sai da ya juya baya yana dariya. Mai shayi ya tabbatar, amma abokin Friday ne, shaidarsa ba ta da nauyi. 'Yan'uwan Alex sun cika harabar ofis suna kuka, DPO kuma ya ce ranar Talata a miƙa fayil, ga wanda ya yi barazana a hannu, me ake jira? Friday ya kwana a sel yana kiran sunan 'ya'yansa.

Da safe Sufeto ya sake fito da shi.

"Ban da kai, wa Alex ya ɓata wa rai?"

"Oga bai ga bidiyon Baba Gabdo ba? Ai ko'ina a Mubi an gani."

Adi yana da shi a wayarsa, har ma ya tura wa wasu. Wata rana ce Alex ya juya kyamara daga fili zuwa rumfa. Ga Gabdo tsaye, makirufo a kan dogon ƙarfensa, ya ɗaga hannu yana cewa jama'a a yi haƙuri a daina turereniya, wuri zai ishi kowa. Sai kyamara ta koma kan benci, bunsuru ɗaya yana tuƙa. Ana jin Alex yana dariya har da tari.

"Yara yanzu in sun gan shi a hanya, kukan akuya suke yi mishi," in ji Friday.

Abin ya yi wa Sufeto ciwo, don shi ma ya taɓa jin daɗi ranar da Gabdo ya kira sunansa a lasifika yana kurtu. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ya sake kallon bidiyon, ya tsaya a kan dogon ƙarfen nan. Jiya a hannu Gabdo yake riƙe da makirufo. Sai dai muryar mutumin tana rumfa duk tsawon hutun, kuma mutum ba ya rabuwa biyu.

Ranar Litinin wata mata ta shigo ofis, ta ƙi zama. Ta ce sunanta Mairamu, daga Duvu, ƙara ta kawo.

"Ƙarar wa, Mama?"

"Mai surutu na filin bol. Yarana suna kallo ranar Asabar, sai na ji ya ce, maraba da Baba Zira na Duvu, a ba shi wuri a gindin darbejiya. Babana kenan."

"To, gaisuwa laifi ce?"

"Babana ya mutu tun damina! Mamana tana zaune ta ji, ta tashi da gudu tana neman takalmi wai za ta je ta gani. Tun ranar ba ta ci abinci ba. Wane irin wasa ne wannan da mutum wanda yana kabari?"

Sufeto ya miƙe a hankali.

"Da wane lokaci ya faɗa?"

"Lokacin da suna hutu."

Ya sa Adi ya nemo wurin, suka saurara tare. Mairamu ta toshe kunnuwanta.

Da la'asar suka koma filin. Mahmoud ya kira Gabdo da sunan za a gwada lasifika. Sufeto ya zauna a bencin rumfa kamar mai hira, Adi kuma ya zaga baya.

"Malam Gabdo, ina tattara sunayen waɗanda suka shigo ranar Asabar. Na ji ka gaishe da wani Baba Zira."

"Ƙwarai. Tsohon ɗan kallona ne."

"Ka gan shi?"

"Da idona. Ya zauna inda ya saba, a gindin darbejiya, da 'yar rediyonsa."

"Ya daɗe bai zo ba?"

Fuskar Gabdo ta ɗaure.

"Tun bara. Shi ma an saya masa waya ya kwanta, kamar sauran. Mutumin da ko ruwa ake yi sai ya zo."

"An binne shi tun damina."

Da, in ɗan kallo ya rasu, a filin nan ake sanarwa, Gabdo ne ma mai sanarwar, a tashi tsaye a yi masa addu'a kafin a take ƙwallo. Tun da aka daina zuwa, babu mai kawo masa labarin kowa.

"Zira ya mutu?" ya ce a hankali. "Ni kuwa ina ta zaginsa a raina."

Adi ya shigo da dogon ƙarfen makirufo, fari fat da farar ƙasa. A cikin durom ɗin da ake shata layin fili ya zaro shi. Gindinsa ya lanƙwashe, jini ya bushe a jiki.

"Ba ihu kaɗai ka kunna ba," in ji Sufeto. "Tsohuwar gaisuwarka ka kunna, ka fita."

Gabdo ya zauna a ƙasa.

"Ta wasan ƙarshe ce, shekarar da muka ci kofi. Nakan saurare ta a gida."

Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Sufeto bai faɗa masa haka ba, ya bar shi ya ci gaba.

"Roƙonsa na je yi, Ranka ya daɗe. Na ce, ɗana, ka goge abin nan, jikokina sun daina zuwa makaranta saboda tsokana. Ya ce ai ya riga ya tafi, ba ya gogewa. Ya ce ma in shirya, bayan hutu zai sake juyo da kyamara, mutane sun fi son ni da bunsuru a kan wasan. Ya juya yana shan ruwa yana dariya."

"Roƙo ka je yi, da ƙarfe a hannu? Da gaisuwar da za ta tsaya maka shaida?"

Gabdo ya sunkuyar da kai.

"Kuma ka nuna mini Friday, ya kwana biyu a sel da 'ya'ya a gida."

"Shi ma ai waya yake kallo," in ji Gabdo. Babu nadama a muryarsa.

Sufeto ya ce wa Adi ya buga ofis a saki Friday, sannan ya sa wa dattijon ankwa.

Tun suna cikin rumfa suke jin hayaniya. Wani ya ga motar 'yan sanda ya watsa a waya cewa za a kama Baba Gabdo. Da suka fito, fili ya cika. Benci ya cika, an hau katanga, keke napep sun tare hanya, mai gyaɗa har ta aika gida a ƙaro mata.

Gabdo ya tsaya cak. Idonsa ya bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya, ya san su duka, ya san inda kowa yake zama da. Bakinsa ya motsa da kansa.

"Maraba da Joel na Belel. Maraba da Malama Hansai, a ba ta wuri..."

Babu wanda ya amsa. Kowa ya ɗaga waya sama, ta cikinta yake kallonsa. Daga kan katanga wani ya yi kukan akuya, fili ya ɗauki dariya.

Sufeto ya dafa masa kai ya shigar da shi mota, ya ce wa Adi ya ja a hankali kar ya taka wani.