Tsatsar Dokin Baba

"Wendell... me ka yi wa dokin Baba?"

Lorene ta tsaya a ƙofar sakandaren Harlan Creek, hannu a ka. Dokin ƙarfen nan, tambarin makarantar, wanda mahaifinta Orville ya ƙera da kansa, sai ƙyalli yake kamar sabuwar tukunya.

"Goge shi na yi, zumata," in ji Wendell yana washe baki. "Fentin da tsatsar, duka."

Fentin kam laifin 'yan Dry Fork ne, garin su Wendell. Duk shekara kafin wasan ƙwallo sai 'yan Dry Fork sun lallaɓo sun shafe dokin da shuɗi. Shi ya sa Orville ya rantse ɗan garin ba zai auri 'yarsa ba.

"Wa ya ce ka taɓa tsatsar?"

"Dwight ne ya ce Baba zai ji daɗi..."

"Dwight ɗin da na kora saboda kai? Wendell, ina ka ajiye kanka? Tsatsar ita ce launin dokin. Shekaru Baba ya yi yana jiran ruwa da rana su mayar masa da shi ja!"

Orville ya iso, ya zagaya dokin. Ni kawun Lorene ina wurin, da ta kalle ni don in sa baki, sai na duƙufa gyaran igiyar takalmina. Jarumtata ke nan.

"Yaro," in ji Orville, "ranar da dokina ya dawo ja, ka zo maganar aure."

"Baba, sai na yi furfura fa..."

"To ki yi."

Lorene ba ta yi kuka ba, kanti ta nufa. Kullum da safe ta riƙa zuwa da bokitin ruwan gishiri da ruwan tsami, tana feshi tana mita, Wendell na riƙe mata tsani.

"Har yanzu kina sona?"

"Riƙe tsanin, sakarai."

Kafin sanyi ya kama, doki ya yi jawur. Orville ya shafa wuyansa, ya duba tafin hannunsa, ya yi tsaki.

"Ba irin jan ba ne. Amma ku je, na gaji da ganinku."

A gindin dokin aka ɗaura aure, tsatsa ta ɓata farar rigar amarya, Lorene ta yi dariya har da hawaye.

Da shekara ta zagayo aka haɗe sakandaren Harlan Creek da ta Dry Fork. Tambarinsu yanzu zomo ne.