Ambulan Bakwai a Gwangwanin Vernice

Duk wanda ya zauna a garinmu na bakin teku, nan kudancin Carolina, ya san Lemuel Gadsden, kuma ya san warinsa. Warin ma ya fi shi suna. Amma kafin wari akwai gwangwanin biskit, don haka daga nan za mu ɗauko.

Gwangwanin na matarsa ne, Vernice. Yana saman firij, da ambulan bakwai a ciki, kowanne da rubutun hannunta a baya: HAYA, ABINCI, WUTA, MAI, MAMA, NYLA, BASHI. MAMA na maganin hawan jinin uwar Lemuel ne, tsohuwa Ozella, da ke zaune tare da su. NYLA na 'yarsu tilo ne, kuɗin takalmi da littafi. Duk Juma'ar da aka biya albashi, Vernice kan ciro kuɗin daga banki ta zauna a teburin kicin ta raba. In ambulan ya ƙare, magana ta ƙare, sai wata Juma'ar. Mace ce da ba ta zubar da komai. Ambulan ya yage, ta manna salatif ta ci gaba.

Dala dubu talatin da shida ake bin su, kuma kusan duk aikin Lemuel ne. Ƙatuwar mota, talabijin mai faɗin bango, da jirgin kamun kifi da sau biyu kacal ya taɓa ruwa. Shekara shida yana biyan ɗan abin nan da banki ke cewa shi ne mafi ƙaranci a wata. Kuɗin ruwa kawai yake zubawa, uwar kuɗi tana nan ko gezau.

Da akwai ambulan na takwas, mai sunan LEMUEL, na giyarsa da tikitin caca. Wata Juma'a ya duba bai gan shi ba.

"Ina nawa?"

"Ya tafi bashi," in ji Vernice, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Na yi lissafi, Lem. In muka ɗaure ciki, wata talatin mun fita. Wata talatin kawai."

"Kawai? Wake da shinkafa har wata talatin? Ina ƙaton namiji, ina ɗaga kaya a tashar jirgin ruwa tun asuba, a ce ba ni da na kwalba ɗaya?"

Mama Ozella tana gefe tana gyaran ganye, ta ce, "Ƙaton namiji ne ya sayi jirgin da kaji ke kwana a ciki. Zauna ka ci abinci, yaro."

Nyla ta ƙyalƙyale da dariya. Wannan dariyar ce ta tsaya masa a rai.

Ranar Asabar da tsakar rana ya kama hanyar dausayi. Kowa ya san wanda ke zaune a ƙarshen hanyar, kowa kuma yana yin kamar bai sani ba, har masu zaman layin gaba a coci. Wani tsoho ne, Dokta Simuel ake ce masa, amma ba na asibiti ba ne. Boka ne, mai aiki da saiwa da ƙasar kabari.

Gidan tsohon gidan ƙarfe ne da ya nutse gefe guda cikin taɓo. A ƙofa akwai busasshiyar bishiya, kowane reshe an kifa masa shuɗiyar kwalba. Ciki duhu da rana tsaka. Baƙaƙen kyandira sun narke sun daskare a kan tebur, hawa kan hawa. Kwalabe jere a bango cike da ƙasa, kowace da sunan mamacin da aka ɗebo daga kabarinsa. Ƙafafun kaji rataye a igiya, ƙudaje sun yi musu baƙi. A tsakiyar ɗakin akwai ƙatuwar tukunyar ƙarfe, irin ta wanki ta zamanin kakanni, an danne murfinta da bulo uku. Tsohon yana zaune kusa da ita yana cin kifin gwangwani da yatsu, mai na bin gemunsa.

"Bashi," in ji shi, tun Lemuel bai buɗe baki ba. "Tafiyarku ɗaya ce, ku masu bashi. Zauna."

Lemuel ya zauna yana toshe numfashi. "Kuɗi nake so, Dokta. Ba na wata talatin ba. Na yanzu."

"Za ka samu."

"Nawa ne aikin?"

"Ka ga na yi kama da mai neman kuɗinka? Matarka tana da ambulan, ko? Irin matan nan masu rubutu a baya. Kawo mini ɗaya yau. Bayan kowane wata shida ka kawo wani. Sai mai rubutun hannunta, wanda gumin gidan ya taɓa."

"Da abin da ke ciki?"

"Ni ba ruwana da cikinsa. Abin da aka rubuta nake karɓa."

"Har yaushe?"

Tsohon ya lashe yatsa. "Kai da ka saba biyan kaɗan-kaɗan? Ai ba za ka ji ba."

Lemuel ya ji an ce ba ruwan kowa da ciki, bai ji sauran ba. Ya koma gida. Vernice tana wurin aikinta a gidan kula da tsofaffi, Mama tana barci a kujera, bakinta a ɗan buɗe. Ya sauko da gwangwanin, ya dinga auna ambulan ɗin a tafin hannu, ɗaya bayan ɗaya, yana neman wanda ya fi sauƙi. MAMA ne, dala huɗu a ciki. Tir! Har dala huɗun sai da ya zare ya sa a aljihu.

Dokta Simuel ya sa shi ya tofa yawu a ciki. Ya zuba ƙasa daga kwalbar wani mai ba da bashi da ruwa da ya mutu tun kafin a haifi Lemuel. Ya soka allura tara, ya ɗinke bakin da baƙin zare. Sannan ya sauke bulon nan, ya ɗaga murfin kaɗan, iya shigar hannu. Wani ɗumi ya fito, da ɗoyi irin na naman da aka manta a but ɗin mota. Ya jefa ambulan ɗin. Daga cikin tukunyar Lemuel ya ji ana taunawa, a hankali, ba gaggawa.

"Ga wannan," in ji tsohon, ya miƙa masa ƙullin jan ƙyalle. "Ka ɗaura a ƙugu. Duk Juma'a ka ɗiga masa giya."

Sati biyu ba a yi ba tikitin cacarsa ya ci. Bayan wata guda masu gina otal suka zo suna roƙon wani fegin taɓo da ya gada, wanda ko akuya ba ta kiwo a ciki. Rana ɗaya ya biya dubu talatin da shida ɗin. Ya sayi manyan motocin ɗaukar kaya shida, ya bar aiki, ya sa zoben zinariya a kowane hannu.

A satin ne Mama Ozella ta faɗi a kicin da cokali a hannu. Jini ya hau mata kai, in ji likita, duk da ba ta taɓa tsallake magani ba.

Bayan an dawo daga maƙabarta Vernice ta tare shi. "Ina ambulan ɗin Mama?"

"Wane ambulan kuma? Yanzu wa ke ta ambulan?"

"Tun kafin kuɗin nan su zo ya ɓace, Lem. Kuma kuɗinka wari suke yi. Ka shinshina."

Gaskiya ta faɗa. Masu kanti sukan karɓi kuɗinsa da yatsu biyu. Vernice ba ta taɓa ko dala ɗaya ba. Ta ci gaba da aikinta, tana ciyar da kanta da Nyla daga albashinta, gwangwanin kuma ta tura shi can bayan kabad.

A nan ne fa nake jin ƙyamar mutumin. Na farko a ce kuskure ne. To amma ya gane, wallahi ya gane, don ya yi amai a bayan coci ranar jana'izar. Da wata shida ya cika sai ya sayo sabon ambulan ya rubuta KARE da hannunsa ya kai. Dokta ya yi dariya har da tari.

"Ni za ka yi wa wayon 'yan banki? Hannun matarka na ce. In ka wuce Asabar, tukunya za ta zaɓa da kanta."

Ya koma ya lalubo gwangwanin, ya kai MAI. Cikin wata guda ɗaya daga manyan motocinsa ta kama da wuta a babbar hanya, direbobi biyu suka ƙone a ciki, magidanta masu 'ya'ya. Inshora ta biya shi ninki biyu. Ya aika da furanni.

Ya kai HAYA. Sabon gidan da ya gina mai ɗaki tara ya fara gumi. Baƙar fumfuna ta fito daga bango, a kankare da safe, kafin yamma ta dawo. Masai ya dinga tasowa ta bahon wanka. Suka koma otal, abin ya bi su otal.

Ya kai ABINCI. Daga ranar duk abin da aka ɗora a teburinsu sai ya juya. A yanka gasasshen nama da zafinsa, a tarar da tsutsa tana motsi a tsakiya. Nyla ta koma cin abinci a gidan ƙawarta, ta rame har wuyanta ya fito. Shi kuwa gogan sai ya ture tsutsar gefe da cokali ya ci sauran, yana cewa ai wuta ta kashe komai.

Da ya kai WUTA bai damu ba, yana ganin iyaka a zauna a duhu, a sayi janareto. Fitilun gida ba abin da ya same su. Fitilar da ke cikin kan Vernice ce ta mutu. Wata safiya aka same ta a teburin kicin tana yayyaga jarida daidai girman dala, tana rabawa kashi bakwai, tana cewa, "Saura wata shida, Lem. Ɗaure, saura wata shida." Ba ta ƙara gane 'yarta ba. Aka kai ta gidan da take aiki, abokan aikinta suka koma yi mata wanka suna kuka.

Saura biyu a gwangwani: NYLA da BASHI.

Ranar da wata na talatin ya cika, Lemuel ya zauna yana kallon su, sai dabara ta faɗo masa. Har ya tafa hannu shi kaɗai. Tsohon ya ce abin da aka rubuta yake karɓa, ko? To ya karɓi BASHI mana! Tukunya ta cinye bashin da take bin sa, a rabu lafiya. Ya sa BASHI a aljihun riga. Ya kai ƙofa, ya tsaya, ya dawo. Ya ɗauki NYLA ya sa a aljihun wando, ko da za a ƙi karɓar wancan.

Yarinyar tana falo tana aikin makaranta. Ta ce, "Baba, ina za ka?"

"Yanzu zan dawo, 'yar lele."

Dokta Simuel ya karɓi ambulan ɗin, ya karanta, ya ce, "Ka ba ni wannan da bakinka?"

"Na ba ka. Da hannu biyu ma."

"Tofa."

Ya tofa. Tsohon ya zuba ƙasa, ya soka allura, ya ɗinke. Sai ya sa baƙin farcensa a gefen rubutun yana ɓanɓarowa. Ashe BASHI ɗin a kan 'yar farar takarda aka rubuta, aka manna da salatif. Tsohon ambulan ɗin bashi ya yage tun tuni har ya wuce gyaran salatif, Vernice kuwa ba za ta sayi sabo ba alhali ga wani zaune ba aiki. Takardar ta ɗago. A ƙarƙashinta, da rubutun hannun matarsa, LEMUEL.

Kun san abin da ya yi? Bai ce Allah ba. Bai tuna uwarsa ba. Sai ya zaro na aljihun wando ya miƙa.

"Ga wannan! Musanya mini, Dokta! Yarinya ce, ta fi ni sauran kwana, tukunya za ta fi son ta!"

Mutumin da ke kwana da ƙasar kabari ya dube shi, ya kau da kai ya tofar da yawu a ƙasa.

"Shekara hamsin ina wannan aiki," in ji shi, "yau ne na fara jin ƙyamar mutum. Mai da abinka aljihu." Ya ɗaga murfin ya jefa.

"Yau zan mutu?"

"Ina! Wa ya ce maka ana taɓa uwar kuɗi? Kaɗan-kaɗan za a dinga ɗauka. Duk wata."

Watan farko ɗan yatsan ƙafa ne ya yi baƙi ya faɗi a cikin safa. Na biyu haƙora uku. Sannan kunne. Likitoci suka yanka nan, suka yanka can, abin ya ci gaba da zuwa ranar ɗaya ga wata, bai taɓa makara ba. Motoci suka tafi kuɗin asibiti, gida ya tafi, zobba suka tafi tun kafin yatsun su bi su.

Nyla ce ta tattara kayansa ranar da aka fara kwantar da shi. A aljihun wandon ta sami ambulan mai sunanta. Ta tsaya ta daɗe tana kallon sa, ta tuna sauran shida da suka ɓace da abin da ya biyo bayan kowanne. Ba ta yi kuka ba. Ta ajiye wandon a bakin gado ta fita, ba ta ƙara taka ɗakin ba. Ta koma wurin ƙanwar uwarta, tana aikin kanti bayan makaranta. Duk Lahadi takan je ta taje wa Vernice kai.

Shekara tara ke nan Lemuel yana ɗakin ƙarshe na gidan marasa galihu, inda ma'aikata ke shafa man zafi a hanci kafin su shiga. Abin da ya rage nasa ba shi da yawa, amma yana numfashi, yana kuma ƙirga kwanakin wata.

Ku da ke zaune yanzu gaban wake da shinkafa kuna tsaki, kuna jin haushin mai riƙe da gwangwani a gidanku, ku ci abincinku ku yi shiru. Kada kwaɗayi ya kai ku inda za a ce ba a son kuɗinku, don wanda ya ƙi kuɗi wani abin yake so. Ranar da Lemuel ya miƙa sunan 'yarsa a kan tukunya, ranar ce lissafin Vernice ya cika wata talatin. Da ya haƙura, a Asabar ɗin da sun gama biya, da uwarsa zaune a tebur tana yi masa tsiya.