Allurar da Kwamfuta Ta Rantse Tana Nan

Da safe nas ta buɗe firjin asibiti, allurar masu ciwon sukari wayam. Kwamfuta kuwa ta kafe wai tana nan cif. Firjin nan ba ya buɗuwa sai ka sa sunanka a kwamfuta, kuma sunan nas kaɗai ke cikin jerin waɗanda suka buɗe. Baiwar Allah, ga goyo, ga kora na jiran ta.

Sufeton 'yan sandan da aka kira mace ce da ba ta son dogon surutu. Ta fara da mai gadi.

"Baba, ka iya kwamfuta?"

"'Yata, wayata ma ban gama gane kanta ba."

Ta sallame shi. Nas kuwa, duk allurar da ta ɗauka akwai majinyacin da ya shaida.

Saura Injiniya, wanda ya haɗa manhajar firjin. Ya shigo yana karkaɗa makullin mota, turare kamar an yi ɓari.

"Ranki ya daɗe, wannan ya fi ƙarfinki. Aikina a dunƙule yake. A rubuta suna, a rage allura a lissafi, ko su shiga tare ko a soke duka. In aka katse a tsakiya, komai ya koma kamar ba a yi ba."

"Har allurar ta koma firji da ƙafarta?"

Ya yi tari. "Ni fa ba na shiga rumbun bayanai da kaina. Akwai manhajar da ke kai da kawowa tsakaninmu."

"Ɗan aike ke nan. Yau uban gidan nake son gani. Buɗe."

Ya buɗe yana yatsina. Kowace buɗewar firji da lambarta a jere. Sufeto ta bi da yatsa, sai ga giɓi a lambobin, ga wani, ga wani. Duk a ranakun da Injiniya ya zo "gyara".

Ta taɓe baki.

"Ka sa sunanka, firji ya buɗe, ka kwashe, ka zare wayar wutar kwamfuta, aka soke komai. Amma lambar da aka ba ka ba ta dawowa, wurinta ke zama fanko. Ka dogara da ɗan aike, ko leƙawa ba ka taɓa yi ba. Maganin marasa lafiya! Ko tsoron Allah babu."

Ta dubi nas. "Ƙanwata, je ki shayar da ɗanki."

Injiniya ya rage murya. "Yaya, a soke maganar nan mana, kamar ba a yi ba."

Ta ɗana masa ankwa. "Wannan kam ta riga ta shiga."