Ɓawon Gyaɗar Uwaisu

Kai Maharazu, kai ka kashe rijiyar garinmu Mazanya, kai kuma ka yi wa Uwaisu ƙazafi don ka raba shi da ɗiyata Fatu!

Tun shekarar Udoji, da manyan motoci suka cika iyakar Jibiya, kake fasa matattun batura bakin rijiya kana narka dalma. Awaki suka riƙa mutuwa, yara na murɗar ciki.

Sai ga Uwaisu, baƙon malamin duba-gari da aka turo mana. Samari na kai wa 'yammata rediyo da atamfa, shi kuwa buhun ɓawon gyaɗa ya sauke a ƙofar gidana.

Na ce, "Mi ke nan? Akuya ka ɗauki ɗiyata?"

Ya durƙusa. "Inna, a gafarce ni. Ruwanku ne ke da dalma."

Ya ƙona ɓawon ya zama gawayi, ya daka, ya jera shi da yashi cikin tulu mai huda a gindi. Fatu na zuba ruwa, yana tarewa da ƙwarya.

"Malam, dubi hannunka, duk ya yi baƙi..."

"Bar shi, Fatuna. In dai ba ki sha guba ba."

"Zai cire duka?"

"Ba zan miki ƙarya ba, ragewa yake yi. Sai an kau da baturan nan."

Mai neman aure da ba ya ƙarya! Wallahi nan yaron ya shiga raina.

Gida-gida ya bi yana haɗa tuluna. Gawayin da ya sha dalma kuwa sai ya kai bayan gari ya binne, kada dabba ta lasa.

Nan ka samu ƙofa, Maharazu. Ka ruga wurin Maigari, wai baƙo na binne asiri. Aka tona, aka ga baƙin ƙulli. Ba wanda ya saurari Uwaisu. Baffannin Fatu suka mayar da kayansa, aka kore shi, ya ƙetara zuwa Maraɗi. Ni ma na yi shiru, Allah Ya yafe mini.

Ko sati ba a yi ba ka aiko da toshi.

Fatu ta ture shi da ƙafa. "Inna, wanda ya ɓata hannunsa domina nake so!"

Ta ci gaba da ƙona ɓawo tana kuka. Matan da suka zagi Uwaisu, su ke zuwa roƙon gawayi.

Sai na yafa gyale na kai ta Maraɗi da kaina. Da Uwaisu ya gan mu ya taso da sauri.

"Fatuna... ke ce?"

"Ni ce, Malam."

Yayana Manu da ke can ya ɗaura auren.

Amma har yau surukina ba ya iya tako garin nan. Maigari, ranka ya daɗe, tara jama'a a tsayar da Maharazu gabansu. Ya faɗa da bakinsa abin da aka tono, ya kwashe baturansa, sannan a aika Maraɗi a ba yaron nan haƙuri!